Minti Ɗaya a Kasuwar Albasa

Ranar da muka fara darasin fasahar bidiyo na shiga aji da littafi cike da labari, domin a zatona za a koya mana shirya fim ne irin wanda mutanen Kano suka fara da Turmin Danya a 1990. Malamarmu ta karɓi littafin ta ajiye gefe, ko buɗe shi ba ta yi ba.

Maimakon haka sai ta nuna mana wani aiki na Nam June Paik, ɗan Koriya, wanda ya yi a 1974: gunkin Buddha a zaune yana kallon hoton kansa a talabijin, kyamara tana ɗaukarsa nan take. Babu jarumi, babu waƙa. Na ce a raina wannan ai raina hankali ne. Sannan ta ba da aiki: kowa ya ɗauko minti ɗaya da wayarsa, kada ya motsa ta, kada ya yanka, kada ya sa kiɗa. Ta ce finafinan da 'yan'uwan nan Lumière suka nuna a Faransa a 1895 ma ba su cika minti ɗaya ba.

Mako guda na yi ina gararamba a Legas ban ga abin ɗauka ba. Da wa'adi ya ƙure, na tafi kasuwar Mile 12 inda mahaifina yake sayar da albasa, na jingina wayar da buhu, na saita ta kan hannuwansa yana tsince ruɓaɓɓu. Ya ce, "Wannan ne karatun da nake biya wa kuɗi?" Na sunkuyar da kai.

A aji kuwa dokar malamar ita ce mai aiki ba ya magana, kuma ba a cewa ya yi kyau ko bai yi ba. Abin da ido ya gani kawai ake faɗa. Wata Bayarbiya ta ce mutumin nan da babban yatsa yake gane ruɓaɓɓiya, dannawa ɗaya ta ishe shi. Wani kuma ya ce ƙaramin yatsansa na hagu ba ya lanƙwasuwa. Gabana ya faɗi. Shekara ashirin da biyu ina ci daga hannun nan, ban taɓa lura ba.

Bayan sallar isha'i na tambaye shi. Ya ce ƙofar babbar mota ce ta datse shi a hanyar Aliero, shekarar da aka haife ni. Ya nemi in nuna masa hoton. Ya kalla sau biyu, sannan ya ce buhun da ke bayansa ba a ɗaure shi da kyau ba.