Hoton da Na Hana a Ɗauka

Ni na hana a kai ɗan yayata Kano. Saurayi ne a Kurfi, ciwon kai na ɓari guda ya matsa masa, sai ga farfaɗiya, alhali bai taɓa yin ta ba tun yana yaro. Likita a Dutsin-Ma ya rubuta a je a yi hoton ƙwaƙwalwa. Da yake ni ne ɗan bokon gidan, aka kawo mini takardar haɗe da tsohon eksire na lokacin da ya faɗi a babur. Na ɗaga shi sama, na ce, "Yaya, ai ga hoto nan, ba komai. Kada ki sayar da awakinki a banza."

Ashe eksire ƙashin kai yake nunawa, ba ya ganin jijiyoyin jini. Ba a jima ba yaron ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano aka yi masa allurar ruwan da ke haska jijiyoyi, aka ɗauki hoton CT. Nan wani curin jijiyoyin jini ya fito, a sarƙe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi.

A ƙa'ida, tsakanin jijiyar da ke kai jini da mai dawo da shi akwai siraran jijiyoyi da ke rage masa gudu. A irin wannan curi babu su. Jini yakan kwararo da ƙarfi, ya tsallake naman da ke kewaye, bangon jijiyar ya yi ta rauni har ya fashe. Cikin mutum 100 masu lalurar, kimanin 2 zuwa 4 ne jini ke ɓalle wa kowace shekara. Tun 1927 Egas Moniz, likita a Lisbon, ya gano yadda ake ɗaukar hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa. In an ga curin da wuri, akan cire shi da tiyata, ko a toshe shi da siririn bututu ta cinya, ko a ƙona shi da haske.

Yaron ya rayu, amma da jan ƙafa, kuma kuɗin jinyarsa ya ninka na hoton sau da yawa. Karatun da na yi bai kai ni soke takardar likita ba, karambani ne kawai. Duk babban da farfaɗiya ta fara wa rana tsaka, a yi masa ainihin hoton da likita ya rubuta.