Babana, Ka Rubuta da Hannunka

Babana,

Da fatan kana lafiya, kuma sanyin can ya fara sauƙi. Mu nan Zariya duk lafiya lau. Mamanka ta kalli wasanku na ranar Asabar a wayar ƙanwarka. Ba ta san dokokin ƙwallon kwando ba, amma duk lokacin da aka nuno ka sai ta ce Allah ya tsare.

Akwai maganar da ka yi a waya ka wuce ta da sauri, ni kuwa ta tsaya mini a rai. Ka ce tafiye-tafiyen wasa sun cinye maka mako, jinga tana jiranka, kuma wani babba a ƙungiyarku ya ce akwai mai rubuta wa 'yan wasa, kowa ma haka yake yi.

Ban raina gajiyarka ba. Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta ƙayyade awa 20 a mako na atisaye da wasa, amma ba a lissafa zaman jirgi da na mota, ko lokacin da likita ke duba gwiwa. Dole ka ɗauki kwasa-kwasan cikakken ɗalibi, kuma kafin ka shiga shekara ta uku ka kammala kashi 40 cikin ɗari na digirinka, kafin ta huɗu kashi 60. Maki ya faɗi, a ajiye ka a benci. Kai kuma da ƙarin kaya a kanka, domin bizarka ta ɗalibi ce. Abokin wasanka ɗan ƙasa in aka kore shi gidansu zai koma a mota, kai kuwa ƙasar za ka bari gaba ɗaya.

Tayin da aka yi maka tsohon abu ne. A 1999, ana gobe Jami'ar Minnesota za ta buga wasanta na farko a babbar gasar ƙasa, jarida ta fallasa cewa wata ma'aikaciyar ofishin kula da karatun 'yan wasa ta rubuta musu ayyuka fiye da 400. Nan take aka dakatar da 'yan wasa huɗu, ƙungiyar ta sha kashi, daga baya aka shafe nasarorinsu na shekaru daga kundi. A Jami'ar Memphis kuma, nasara 38 ta kakar 2007 zuwa 2008 aka soke saboda an soke sakamakon jarrabawar shiga jami'a ta ɗan wasa guda. Sauran yaran da suka yi gumi ba su yi laifin komai ba, amma ta shafe su, kocin kuwa ya riga ya koma wata jami'ar. Ka lura da wanda ke kwana a ciki idan asiri ya tonu.

Sai dai wanda ya fi hana ni barci shi ne labarin Jami'ar North Carolina, inda Michael Jordan ya yi wasa. Rahoton da lauya Kenneth Wainstein ya fitar a 2014 ya nuna cewa daga 1993 zuwa 2011 ɗalibai kusan 3,100, wajen rabinsu 'yan wasa, sun ɗauki kwasa-kwasan da babu shiga aji, babu malami. Takarda ɗaya za ka miƙa, wata ma'aikaciyar ofis ta ba ka maki mai tsoka, sau da yawa ba tare da ta karanta duka ba. Masu ba 'yan wasa shawara ne da kansu ke tura yara can don kada makinsu ya hana su wasa. Kuma a sashen nazarin Afirka da baƙaƙen Amurka aka yi wannan, wato tarihinmu ne aka mayar hanyar zillewa karatu. A 2017 NCAA ta ce ba za ta hukunta jami'ar ba, tunda kwasa-kwasan a buɗe suke ga kowane ɗalibi. To ka ga yawancin waɗannan yara ba a kama su ba. Sun ba jami'a ƙarfinsu da ƙuruciyarsu, ladan da aka yi musu alkawari shi ne ilimi, aka sallame su da takarda babu komai a bayanta. Waɗanda suka yi musu haka da fara'a suka zo, da sunan taimako.

Shi ya sa ban yarda da lissafin “ba za a gane ba”. Mai nono da ta ƙara ruwa a ƙwarya ta yi algus ko mai saye ya gane ko bai gane ba, kuma ka san matsayin algus a addininmu. Takardar da ke ɗauke da sunanka shaida ce kake bayarwa cewa kai ka yi.

Ina yi maka addu'ar NBA kullum. Amma mutum 60 ake ɗauka a shekara daga duk duniya, kuma cikin 'yan ƙwallon kwandon jami'o'i wajen ɗaya cikin ɗari ne ke samu. Masai Ujiri a garin nan ya tashi, a nan ya koyi ƙwallo, bai taɓa buga wasa a NBA ba, amma yana shugaban Toronto Raptors suka ci kofi a 2019. Emeka Okafor, ɗan 'yan Nijeriya, ya gama digirinsa a Jami'ar Connecticut cikin shekara uku, ya ci kofin ƙasa a 2004, a shekarar aka ɗauke shi na biyu a zaɓen 'yan wasan NBA. Haɗa biyun yana da wuya, amma an yi.

Ga abin da nake so ka yi. Kafin kowace tafiya ka je wurin malamin da ƙafarka, ka nuna masa jadawalin wasa, ka nemi ƙarin lokaci tun kafin ranar miƙa aiki ta wuce. Mai taimaka maka da karatu zai iya yi maka bayani har ka gane, amma kada hannunsa ya taɓa kwamfutarka. Duk jimlar da ka ɗauko daga wani, ka faɗi mai ita. ChatGPT kuwa kowane malami da ƙa'idarsa, ka tambaya, ka sami amsar a rubuce. In aka jefo amsoshin jarrabawa a zauren WhatsApp na ƙungiya, ka fita. Caca a kan wasanninku ba sai na faɗa ba, ko labarin raunin abokin wasanka kada ka ba wani na waje.

In ka yi iyakar ƙoƙarinka ka sami C, ka turo mini, zan nuna wa kawunanka da alfahari. In ma kwas ya kayar da kai, ka kira ni kafin ka kira kowa, mu san yadda za a yi. Babu abin da zai same ka a can da zai rufe maka ƙofar gidan nan.

Ka turo mini taken jingar nan, ina so in karanta idan ka gama. Mamanka ta ce za ta aiko da yaji da kuka in an sami mai zuwa. Kakarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Allah ya yi maka albarka, ya raba ka da mugun aboki.

Mahaifinka.