Filafilin Ƙolin da Ba Ya Ƙoli

Daga cikin kalmomin sana'a da na nazarta, babu waɗanda suka riƙe hankalina kamar na matuƙan manyan jiragen ruwa masu tafiya da iska, waɗanda Turawa suka yi fatauci da su har cikin ƙarni na 20. A Hausa kalmomi biyu sun wadatar da mu: jigo, wato doguwar dirkar da ke tsaye cikin jirgi, da filafili, wato zanen da iska ke bugawa ta tura jirgin. Su kuwa matuƙan, kowane filafili da sunansa, kowace igiya da nata.

Jigon irin wannan jirgi ba gungume ɗaya ba ne. Hawa-hawa ake haɗa shi, a ɗora na biyu kan na farko, na uku kan na biyu, kowanne ya fi na ƙasansa siranta. A jikinsa ake ɗaura sanduna a gicciye, filafilai masu kusurwa huɗu su rataya daga gare su. Dalilin neman tsawo kuwa shi ne iska ta fi ƙarfi a sama, domin a ƙasa gogayya da fuskar teku tana rage mata gudu.

Abin sha'awar yana cikin sunayen da Ingilishi ya ba su. Da aka fara ƙara filafili a bisa babban na ƙasa, sai aka kira shi da sunan da ke nufin “na ƙoli”, kuma a lokacin gaskiya aka faɗa. Da aka ɗora wani a kansa, ƙoli ya riga ya ƙare, sai aka ce “na ƙoli mai ƙasaita”. Na bisa wannan ya zama “na sarauta”, na gaba da shi “na sararin samaniya”. Wasu 'yan jirage ma sun ɗaga wani ƙanƙane da ake wa laƙabi da “mai karce wata”, wanda a kunnena ya fi kama da kirari bisa ga suna. Kowane mai raɗa suna a cikinsu ya ɗauka an kai maƙura. Sakamakon haka, filafilin “ƙoli” ya wayi gari shi ne na biyu daga ƙasa. Bugu da ƙari, a shekarun 1850 aka fara raba shi gida biyu, bisa tsarin wani kyaftin Ba'amurke mai suna Howes, saboda girmansa na buƙatar hannaye da yawa, masu jirage kuma ba su son biyan lada. Daga nan aka samu “na ƙoli na sama” da “na ƙoli na ƙasa”, jimlar da ke ƙaryata kanta, amma babu matuƙin da ta taɓa ruɗawa.

Me ya hana a gyara sunayen? A ganina, rai ne ya hana. Jirgin Cutty Sark, wanda aka ƙera a Sikotilan a 1869 don jigilar ganyen shayi daga Sin, yana iya ɗaga filafilai 32, igiyoyinsa sun kai kusan kilomita 18, babban jigonsa ya haura mita 45. Idan hadari ya taso da tsakar dare, daga sama ake fara naɗewa. Na sarauta ke fara tafiya, kuma galibi samari 'yan koyo ake turawa can, su tsaya kan igiya guda da ke ƙarƙashin sandar gicciye, jirgi na tangaɗi, su tattara jiƙaƙƙen zane da hannu. Na ƙoli na ƙasa shi ke saura a ƙarshe, shi ke riƙe da jirgi a cikin guguwa. Umarni da tsawa ake ba da shi, mutum kuma da lalube yake gano igiyar da aka ambata. Wanda ya saki wadda ba ita ba yana iya karya jigo, ko ya jefa abokin aikinsa teku. A irin wannan hali babu mai tambayar ko suna ya dace da tushensa; buƙata ita ce kowa ya san abin da ake nufi.

Nakan kawo wannan misali ne saboda ɗalibai da dama suna ɗaukar asalin kalma a matsayin ma'anarta ta gaskiya, kuma idan suka zama malamai sukan tilasta wa yara wannan ra'ayi. Mu dubi “jirgi” kanta. Da can abin hawa ne na ruwa kawai. Da na ƙasa da na sama suka zo suka ari sunan, sai mai sunan na asali ya koma buƙatar ƙarin bayani, muka ce “jirgin ruwa”. Babu Bahaushen da ya ga aibu a nan.

Filafilan sama su ne kuma suka fara ɓacewa daga teku. A shekarar da aka ƙera Cutty Sark aka buɗe mashigin Suwes, wanda ya gajarta hanya ga jirage masu inji, cinikin shayi ya koma hannunsu. A 1880 aka rage wa Cutty Sark tsawo, aka cire mata na sararin samaniya don a rage ma'aikata. Katafaren jirgin Jamus mai suna Preussen, na 1902, yana da jiguna 5 da filafilai 47, amma bai wuce na sarauta ba, kuma mutane ƙasa da 50 ke sarrafa shi. Jirgin iska na ƙarshe da ya zagaya tsinin Kudancin Amurka ɗauke da kayan ciniki shi ne Pamir, a 1949. Guguwa ta nutsar da shi a tekun Atlantika a 1957, mutum 6 kaɗai suka tsira daga cikin 86.