Marsandin Kakana

Duk ɗalibin da ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar makarantarmu ranar ziyara ya san motar da zan yi magana a kanta, don kuwa tun kafin a hango ta ake jin ta. Ƙararta kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. Waɗansu abokaina suna kiranta injin niƙa, waɗansu kuma suka sa mata suna Kunkuru. Ni dai ba na jin haushi, domin motar nan ta girmi da yawa daga cikin malamanmu, kuma har yau da ƙafarta take zuwa, ba a taɓa jawo ta da igiya ba. Shi ya sa na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda aka yi ta kai waɗannan shekaru.

Sunanta na takarda Mercedes-Benz 240D, ƙirar 1982. Jamusawa sun ƙera irinta, wadda suke kira W123, daga 1976 zuwa 1986, har kimanin guda miliyan 2.7. Harafin D ɗin nan na ƙarshe yana nufin dizal, wato man da muke kira gas. Kakana ya sayo ta ta hannu a Kwatano cikin 1991, bayan ya daɗe yana tuƙa motocin mutane. Silinda huɗu gare ta, ƙarfin doki 72 kacal. Kafin ta kai gudun kilomita 100 a awa sai ta ci fiye da daƙiƙa 20, in kuwa an zo hawa, har mai babur yana iya wuce mu. In na yi wa Kaka tsiya a kan haka, sai ya ce, "Abokina, sannu ba ta hana zuwa. Waɗanda suka wuce mu a 1995 yanzu ina motocinsu?"

Kafin a gane yadda ake kula da ita, sai an san yadda take aiki. Injin gas ba shi da filogi mai tartsatsi, ba shi da kafireto. Fistin ne yake matse iska, a tamu har ninki 21, iskar ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan nozul ya fesa gas a ciki, shi kuwa ya kama da kansa. Wannan ita ce dabarar Rudolf Diesel, wanda injinsa ya fara aiki sosai a 1897. Saboda tsananin matsin nan dole a yi injin da ƙarfe mai kauri, kaurin kuwa shi ne rabin tsawon ransa. Da asuba lokacin hunturu iskar ba ta yin zafin da ake so, don haka akwai 'yar hita a kan kowace silinda. Kaka yakan murɗa makulli rabi, ya zuba wa wata 'yar fitila ido har ta mutu, sa'an nan ya tayar. Ba ya yarda a yi gaggawa a nan, ko da an makara.

Wani abin mamaki, da zarar ta tashi ba ruwan injin da batir. Kashe ta ma ba da lantarki ake yi ba. Wata siririyar tiyo ce mai zuƙar iska take janye hannun famfo, mai ya tsaya. Ranar da tiyon ta tsage, Kaka ya zare makulli ya sa a aljihu, mota na ta rugugi abinta a ƙofar masallaci, yara suka watse suna cewa aljanu. Shi kuwa ya ɗaga bonet a hankali, ya danna wani ɗan hannu mai rubutun STOP a jikin injin, ta yi tsit.

To, asirin Kaka ba wani laya ba ne, littafi ne. Ƙaramin littafin rubutu ne irin namu na aji, yana ajiye shi a akwatin gaban mota, wannan da ake ciki shi ne na bakwai. Duk abin da aka zuba mata ko aka sauya mata yana ciki, da kwanan wata da kuɗi. Ka'idarsa a yi juyen baƙin mai duk kilomita 5,000, tare da sabuwar filta, domin injin gas yana cika mai da baƙin hayaƙi da wuri. Da agogon ƙirga tafiya ya tsaya, ya ƙi sayen wani. Ya ce ai ya san cikinta: tana shan lita 9 zuwa 10 a kilomita 100, saboda haka in ta sha lita 450, lokacin juye ya yi. Tun ina aji ɗaya ni nake tara masa lissafin. A nan na fara ganin ranar darasin lissafi.

Amma abin da ya fi tsare wa rai shi ne gas ɗin kansa. Famfon da yake aika mai zuwa nozul aikin Bosch ne, kuma ƙananan ƙarafan cikinsa an gyara su daidai wa daida, ko silin gashi ba zai ratsa tsakaninsu ba. Santsin gas ɗin ne yake hana su cin juna. In an gauraya shi da kananzir, santsi ya ragu, su yi ta goguwa. In da ruwa a ciki, tsatsa ta kama su. In da ƙasa, to, shi ke nan. Saboda haka akwai filta biyu a hanyar mai, ƙarama ta roba wadda ake ganin cikinta, da babba ta ƙarfe. Kullum da safe sai ya duba ƙaramar, kamar yadda makiyayi yake duban idon saniya. Sau ɗaya tak muka sha man jarka, a wata tafiya da dare ya yi mana. Ba mu yi nisa ba mota ta fara shiɗewa, tana fitar da farin hayaƙi. Da gari ya waye aka sauke tanki, aka sami ruwa kwance a ƙasansa kusan cikin kwano. Tun daga ranar, in zai yi doguwar tafiya sai ya ɗauki nasa gas daga gidan man da ya amince da shi, kuma ba ya barin tanki ya sauka ƙasa da rabi. In mai ya ƙare ƙarƙaf, iska ce take shiga hanya, sai an yi ta danna ɗan famfon hannu kafin ta yarda ta tashi.

Hayaƙi ma magana yake yi ga wanda ya iya ji. Baƙi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, a duba filtar iska, musamman in hazo ya sauka. Shuɗi, baƙin mai ne yake ƙonewa. Fari bayan inji ya yi zafi, ko gas bai ƙone ba ko ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Shi lagireto kuwa ba ya ganin ruwan rijiya, don yana barin farin gishiri ya toshe hanyoyi. In inji ya yi zafi fiye da kima sau ɗaya, kansa yana iya tsagewa, aikin shekara 30 ya tafi a awa guda.

Akwai kuma saitin bawul duk kilomita 15,000, wato bayan juye uku. Sai inji ya kwana ya huce. Ana zura wani siririn ma'auni a rata: milimita 0.10 a ɓangaren shigar iska, 0.30 a ɓangaren fitar hayaƙi. Nan ne hannuna ya fi na Kaka amfani yanzu, don idonsa ya fara rauni.

Jikinta kuwa da ciwonta ta zo. A Turai ana watsa gishiri a titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, gishirin nan ya ci ƙarƙashin batir da gefen ƙofofi. Aka yanke, aka yi waldi. Busasshiyar iskarmu ta tsayar da tsatsar, amma ranarmu ta huce a kan roba, duk wata tiyo da robar ƙofa an sauya ta fiye da sau ɗaya, yawanci daga Ƙofar Ruwa.

Kada wani ya ce tamu ce ta fi kowace. Wani direban tasi a birnin Tasalonika na ƙasar Girka, Gregorios Sachinidis, ya yi tafiyar kilomita miliyan 4.6 da tasa 240D ƙirar 1976, kafin ya miƙa ta ga gidan tarihin kamfanin a 2004. Kamar zuwa wata da dawowa ke nan sau 6. Amma fa ba da inji ɗaya ya yi ba, saukewa yake yi ya gyara, ya ɗora wani. Da na ba Kaka labarin, cewa ya yi, "Wannan ya san juye."

Yanzu ga inda gizo yake saƙa. A 2022 kuɗin gas ya ninka fiye da biyu a Nijeriya, sai Babanmu ya zo da magana. Ya ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ka bari a sayar da motar nan, a sai maka ƙarama mai sanyi. Ga tsadar mai, ga hayaƙi." Kuma gaskiya maganarsa ba ta banza ba ce. Tun 2012 masana na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa hayaƙin injin dizal cikin abubuwan da suke jawo ciwon daji. A Maroko, inda irin waɗannan motoci suka yi shekaru suna tasi tsakanin garuruwa, gwamnati ta fara ba direbobi tallafi a 2014 don su ajiye su, su sayi sababbi. Ni kaina ba na son tsayawa a bayanta da safe.

Kaka ba ya kiran sunan Babanmu, don ɗan fari ne. Ya dai ɗauko littattafan nan bakwai ya ajiye a gabansa, ya ce, "Kai, tara mini abin da ta ci a shekara goma, sa'an nan ka tara abin da motocinka uku suka ci." Babanmu ya yi dariya, bai tara ba. Da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, sai maganar tsadar mai ta rage kaifi, tun da kowa ya ji a jikinsa.

A ganina, ba tsadar mai ba ce za ta kashe motar nan, ba kuma rashin kayan gyara ba. Mutum ɗaya ne a garinmu Kaka ya yarda ya taɓa masa famfo, wani dattijo da muke kira Baba Mai Famfo. Yana da wani ma'auni mai hannu da yake gwada nozul, ya ga ko feshin ya fita kamar raɓa ko yana ɗiga. Da kunne yake gane silindar da take ragwanci. Yaran da suka yi koyo a wurinsa duk sun watse, waɗansu sun koma gyaran janareto, waɗansu sun sayi kwamfutar da ake jona wa sababbin motoci ta faɗi ciwonsu. Ban ga laifinsu ba, can abinci yake. Amma Marsandi ba ta da inda za a jona mata kwamfuta. Bara da dattijon nan ya kwanta rashin lafiya, wata biyu tana ajiye a ƙarƙashin darbejiya, an lulluɓe ta da tamfol, a kan nozul guda.

Da ya sami sauƙi, Kaka ya kai ni wurinsa da goro, ya ce, "Malam, ga jikana. Ba na ce ka mai da shi bakanike ba, karatu yake yi. Ka dai nuna masa abin da za ka iya." Dattijon ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Yaro, kana ƙyamar baƙin mai?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To, zo ranar Asabar da tsohuwar riga."

Hutun da ya wuce Asabar shida na yi a garejinsa. Huɗu daga ciki wankin ƙarafa kawai na yi a cikin tasa. A ta biyar ya bar ni na kwance nozul, a ta shida na haɗa shi, ya gwada, ya ce yana ɗiga, in sake. Babanmu ya ce ya ji ya gani, muddin sakamakon jarrabawata bai sauka ba. Kaka kuwa ya damƙa mini littafi na bakwai in riƙa rubutawa. Da zan dawo makaranta lissafi yana kan lita 310, saura 140 a yi juye, kuma ya ce zai rage yawo don ya jira ni.