Filashin da ke riƙe da muryar Kaka

A shekarar 2012 na sayi filashin nan a kasuwar Sinnar, mai giga huɗu, baƙi, bai kai ɗan yatsa tsawo ba. Abu guda na saye shi dominsa: muryar kakata. A damina ta wannan shekara na riƙa zama gabanta a Mai Wurno bayan sallar isha'i, waya a kan tabarma, tana ba ni labarin da ta ji daga bakin mahaifinta. Yana yaro aka yi yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, jama'a suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno suka nufo gabas. Ta kan jero zangunan hanya kamar mai jan carbi: Barno, Wadai, Fashir, Ubayyid, har Shehu Talha a bakin kogi. Zama ashirin da uku muka yi. Bayan shekara biyu Allah ya karɓi abarsa.

Wayar ta lalace tuntuni. Filashin ya saura, ni kuwa na sakankance cewa abin da aka zuba a ƙarfe ya zauna ke nan. Da muka fito daga Madani a watan Disamban 2023, na bar littattafaina da takardun makaranta, amma shi na ɗinke shi a bakin rigata kamar laya.

Makon jiya na kai shi wurin wani yaro mai gyaran waya da ke aiki da hasken rana. Kwamfuta ta daɗe tana nazari kafin ta gane shi. Aikin da a da ba ya wuce shan shayi guda, sai ya ci mana daga la'asar har magariba, yana tafiya yana tsayawa kamar tsohon jaki a hawa. Yaron ya ce, “Baba, wannan fa ba rubutu ba ne irin na tawada.” Ya bayyana mini cewa ɗan cajin lantarki ne ake tsarewa a cikin ƙananan ɗakuna masu ɗimbin yawa, kuma cajin nan yana tsiyayewa a hankali in an daɗe ba a jona shi ba. Zafi na ƙara masa sauri, yawan gogewa da sake zubawa kuma na cinye bangon ɗakunan. Na tuna shekarun da ya yi a akwatin ƙarfe ƙarƙashin rufin kwano, cikin zafin watan Mayu na Jazira, da waƙoƙin biki da na yi ta zubawa ina gogewa a kansa. Laifin ba na kowa ba ne sai nawa.

Sha tara suka fito lafiya. Uku sun ƙi buɗuwa sam. Na ƙarshen shi ya fi ci mini rai, domin yana farawa daidai: ga tarin Kaka, ga kukan akuya a bayan danga, tana faɗin yadda aka bar ƙanwar mahaifinta a Wadai hannun wasu mutane saboda ƙafarta ta kumbura, da alkawarin za a dawo a ɗauke ta. Ta ce, “Sunanta kuwa,” sai ƙara ta taso kamar ruwa a kan kwano, ta rufe sauran.

Sha taran nan yanzu suna wurare uku, kuma na fara kwafe su a takarda da hannuna, zama ɗaya kowane dare. Sunan yarinyar na ji shi da kunnena a 2012, amma ban riƙe ba, don na ɗauka filashi ya riƙe mini. Gwaggona guda ce ta rage cikin waɗanda suka zauna a tabarmar nan, tana Damazin. Na kira ta sau biyu, layin bai shiga ba.