Ina Ya Kamata Magani Ya Zauna?

Gidajen zamani sukan zo da ɗan kabad mai madubi a banɗaki, kuma nan da yawanmu muke jera magunguna. Na daɗe ina nazarin wannan ɗabi'a. Banɗaki wuri ne na tururi da danshi, danshi kuwa yana lalata ƙwayar magani tun wa'adinta bai cika ba. Asfirin idan ya sha danshi har warin tsami yake yi. A jikin yawancin kwalaye an rubuta kada zafi ya wuce digiri 25 ko 30, alhali bazarar Sakkwato da Maiduguri takan haura 40.

Saboda haka kabad ɗin banɗaki ya fi dacewa da buroshi, sabulu da man goge baki. Magani yana son ɗaki mai sanyi, cikin akwati mai murfi, can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, domin ƙwaya mai launi alawa ce a idonsa.

Uwargida da maigida, ku duba ma'ajiyarku yau, ku fitar da wanda wa'adinsa ya wuce, ku bar kowane magani cikin kwalinsa na asali.