Kwanon da ya ci zubin sati shida

Ko wace ƙungiya cikinmu ba ta rasa mai tuya ƙosai a ƙofar lakkal, ko mai dambu, ko mai shinkafa da wake a bakin tasha. Kuma jarin mafi yawansu daga akwatin asusu ya fito. Shi ya sa in abincin sayarwa ya ɓaci, ba cikin mai ci kaɗai abin ya shafa ba, har da kuɗinmu.

Watan jiya mu 12 muka shiga Maraɗi taron shugabannin ƙungiyoyi. Da aka tashi sallar azahar, muka nufi wani gidan abinci mai fenti da fanka. Kwano ɗaya jika ɗaya da rabi. A wurinmu zubin sati dala 50 ne, wato kwanon nan ya ci zubin mace ɗaya na sati shida. Mu duka, jika 18.

A allo an rubuta zabo. Muka ce zabo. Sai da muka share fiye da awa guda zaune kafin yarinyar ta dawo, ido na kan salula, ta ce zabo ya ƙare. Na ce, “Haba ɗiyata, tun da munka zamna ba ki faɗi ba?” Ta ce, “Inna, abin da ya rage shi za ku ci.” Abin da ya rage kuwa shinkafa ce mai sanyi, daga ƙanshinta ka san ta kwana. Miya tsararo, dunƙule da jan mai, babu daddawa, albasar Galmi da ta cika kasuwa ko ɓawonta ba mu gani ba. Nama yanka biyu, rabi jijiya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ruwan wanke hannu ma sai da muka roƙa. Ma'ajiyarmu ta ture nata, ta ɓalle goro.

Ba talauci ne ya kawo wannan ba. Masu wurin sun fi mu jari nesa ba kusa ba. Abin da suka rasa shi ne tsoron kada baƙo ya tafi bai dawo ba. Mu kuwa ba mu da halin wannan sakaci. Tun 1991 da aka soma Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, amana ce ke riƙe da akwati, ba kwaɗo uku da ke jikinsa ba. Wadda ta ɗauki bashin jika 10 ta sayi tiyar wake da man gujiya, in masu saye suka guje ta, ranar biya da mi za ta zo? Rabon ƙarshen shekara na kowa ne zai ragu.

Don haka ga abin da nake roƙon masu sana'ar abinci cikinmu. Ki dafa daidai abin da zai ƙare, gara a nema a rasa da a ci na jiya. Abin da babu, ki ce babu tun mutum bai zauna ba. Ki ajiye buta da sabulu kusa, ki rufe tukunya saboda ƙuda da ƙura. Sannan ki ɗaga kai ki gaida mai saye, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba a biyan ko dala a kanta.

A zamanmu na Laraba mun yanke shawara: duk taron da za a yi a garinmu, matanmu ne za su dafa, bi da bi, a biya su kuɗin hannu kamar yadda za a biya na waje. Wadda aka ci nata za a gaya mata gaskiya a gaban kowa, daɗi ko akasi, ba don cin fuska ba.

Ƙungiyoyin Damagaram, Tawa da Yamai, in kun gwada irin wannan, ku aiko mana labarin yadda kuke tsara kuɗin. Allah ya sa albarka a cikin neman kowa.